Blaise Pascal: Ɗan jami'in haraji da ya ƙera na'ura don rage wa mahaifinsa wahalar lissafi

Duk wanda ya karanci ilimin kwamfuta a jami'a ko kwalejin fasaha a Nijeriya shekaru ashirin zuwa talatin da suka wuce, da wuya a ce bai gamu da Pascal ba, ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta manhaja da su. Ɗalibai sun fi tuna shi da tsauri, domin alama ɗaya tak idan ta ɓace a ƙarshen layi, aikin ba zai tashi ba. Sai dai kaɗan ne suka san tarihin mutumin da aka raɗa wa harshen sunansa. Ya rasu fiye da shekaru 300 kafin a ƙirƙiro harshen, kuma abin da ya kai shi ga ƙera na'ura matsala ce irin ta ofis: tarin lissafin haraji da ya danne mahaifinsa.

An haifi Blaise Pascal ranar 19 ga Yuni, 1623 a garin Clermont da ke tsakiyar Faransa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara uku, ta bar shi da yayarsa Gilberte da ƙanwarsa Jacqueline. Mahaifinsu, Étienne Pascal, alƙali ne a kotun haraji, kuma masanin lissafi. A 1631 ya kwashe iyalinsa zuwa Paris, ya ɗauki nauyin karantar da 'ya'yansa da kansa. Blaise bai taɓa zama a aji ba, amma yana ɗan shekara 16 ya rubuta wata gajeriyar maƙala a kan lissafin siffofi wadda ta ja hankalin manyan masanan birnin.

Étienne ya zuba dukiyarsa a takardun lamuni na gwamnati. A 1638, da yaƙi ya cinye baitulmali, gwamnati ta gaza biyan masu takardun haƙƙinsu. Ya shiga cikin masu ƙorafi, aka nemi kama shi, ya gudu daga Paris. Shekara ta zagayo, Jacqueline ta yi wasan kwaikwayo a gaban Kardinal Richelieu, babban ministan sarki, ta roƙa wa mahaifinta afuwa. Aka yafe masa, har aka naɗa shi kwamishinan haraji a birnin Rouen da ke yankin Normandy, inda talakawa suka yi bore a 1639 saboda nauyin haraji. Aikin da ya tarar shi ne sake raba harajin a tsakanin garuruwa da ƙauyuka masu yawa, da alƙalami da takarda, har tsakar dare. Blaise na taya shi, yana ganin yadda gajiya ke haifar da kuskure.

A 1642, yana da shekara 19, ya fara ƙera na'urar da za ta ɗauke wannan wahala. Akwati ne na tagulla, a samansa akwai jerin faifai masu juyawa, kowane faifai yana wakiltar gida ɗaya na lamba. Mai aiki zai sa tsinke ya juya faifan gwargwadon adadin da yake son tarawa, amsa kuma ta bayyana a 'yan tagogin da ke sama.

Tunanin bai ɗauke shi lokaci ba, aiwatarwa ce ta ci shekaru. Matsala ta farko kuɗin Faransa ne na wancan zamani, wanda ba a ƙirga shi goma-goma. Dattawan ma'aikata da suka karɓi albashi kafin zuwan naira a 1973 za su gane tsarin nan take, domin irinsa ne: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Saboda haka sai da ya yi faifai mai gida 12, da mai gida 20, sannan masu gida goma, kuma dole su yi aiki tare.

Matsala ta biyu ta fi tsanani. Kowane ɗan firamare ya san idan lamba ta cika goma, ana rubuta sifili a kai ɗaya gida na gaba. A na'ura kuwa, idan aka ƙara ɗaya a kan 9,999, faifai huɗu ne za su juya a lokaci guda su tura na biyar. Idan haƙoran faifan suna haɗe kai-tsaye, nauyin turawar zai taru a kan na farko, na'urar ta cije. Dabarar da Pascal ya samo ita ce ya raba su. Ya sa wani ƙarfe mai nauyi tsakanin kowane faifai biyu. Yayin da faifai ke kusantar tara, yana ɗaga ƙarfen sannu a hankali. Da ya koma sifili sai ƙarfen ya faɗo da nauyin kansa, ya tura maƙwabcinsa taki ɗaya. Ta haka kowane faifai ke tanadin ƙarfinsa tun kafin a buƙace shi, ko da gidajen sun yi yawa.

Akwai kuma wata hikima a yadda ake mayar da na'urar sifili kafin sabon lissafi. Mai aiki zai kai dukkan faifan kan adadi mafi girma, sannan ya ƙara ɗaya, sai su zube sifili ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne aiki mafi wuya da na'urar za ta iya fuskanta, don haka duk lokacin da aka share ta, an gwada lafiyarta ke nan. Idan akwai ɓaraka, a nan za ta fito, tun ba a ɗora lissafin dukiyar jama'a a kanta ba.

Sai da ya ƙera samfura kusan 50 kafin ya gamsu. Maƙeran da ya ɗauka sun saba da agogo, ba su fahimci lissafin da ke bayan aikin ba. Ana cikin haka wani mai ƙera agogo a Rouen ya kwaikwayi na'urar, ya fitar da akwati mai kyan gani wanda ba ya aiki. Abin ya ɓata wa Pascal rai har ya sallami ma'aikatansa da niyyar haƙura. Pierre Séguier, shugaban sashen shari'a na masarautar, shi ya ƙarfafa masa gwiwa. A 1645 Pascal ya gabatar masa da kammalalliyar na'ura, a 1649 kuma ya samu takardar sarki wadda ta hana kowa ƙera irinta ba da izininsa ba.

Duk da haka kasuwa ba ta karɓe ta ba. Da hannu ake yin kowace, tana da tsada ƙwarai, kuma ɗaukar akawu ya fi sayenta araha. Kusan guda 20 aka ƙera. Wasu daga cikin waɗanda suka saura suna gidan adana kayan fasaha na birnin Paris.

Halin nan na gwada abu kafin a yarda da shi ya bi shi zuwa sauran fannoni. Don tabbatar da cewa iska na da nauyi, ya sa mijin yayarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme a watan Satumba na 1648 da bututun gilashi mai zaiba, aka bar wani irinsa a gindin dutsen don kwatantawa. Zaibar ta sauka a ƙololuwa, ta ƙasa kuwa ba ta motsa ba. Shi ya sa ma'aunin matsin iska na duniya ke ɗauke da sunansa. A 1654 wasiƙun da suka yi musaya da Pierre de Fermat a kan yadda za a raba kuɗin caca idan an katse wasa suka aza harsashin ilimin ƙiyasin yiwuwar abu, wanda inshora da lissafin fansho suka dogara da shi a yau. A watan Nuwamban shekarar ya juya ga addini gadan-gadan, ya fara tara rubuce-rubuce a kan imani da raunin ɗan Adam, waɗanda aka buga a 1670 da sunan Pensées.

Aikinsa na ƙarshe ya shafi talakan birni. A watan Maris na 1662, shi da abokansa suka fara jigilar jama'a a Paris da kekunan doki, kowane da hanyarsa sananniya, da kuɗin shiga ƙayyadadde, da lokacin tashi, ko ya cika ko bai cika ba. Ma'aikacin da ke barin Sabon Wuse a Ƙaramar Hukumar Tafa, ko Suleja, da asuba, ya ratsa Zuba don isa Sakatariyar Tarayya kafin a ɗauke rajista, ya san darajar wannan sharaɗi na ƙarshe, tunda a tasha sai mota ta cika take tashi. Pascal bai daɗe yana ganin kekunan ba. Rashin lafiyar da ya yi fama da ita tun ƙuruciya ta kwantar da shi, ya rasu ranar 19 ga Agusta, 1662, yana da shekara 39.

A 1970 Farfesa Niklaus Wirth na Zurich a Suwizalan ya fitar da sabon harshen rubuta manhaja, ya sa masa sunan Pascal don girmama maƙerin na'urar. Ya tsara shi ne don koyarwa, bisa ƙa'idar cewa marubuci zai bayyana tun farko irin bayanin da kowane ma'aji zai ɗauka, lamba ce ko harafi, da iyakarta. Idan ya saɓa, manhajar da ke fassara umarnin za ta tsaya ta nuna masa layin da kuskuren yake. Turbo Pascal na 1983 da Delphi na 1995 sun kai harshen ofisoshi da kamfanoni, kuma har yanzu ana amfani da shi ta hanyar Free Pascal da Lazarus. Shawarar da ƙwararrunsa ke bai wa sabon shiga ba ta sauya ba: ya kunna binciken iyaka, ya gwada aikinsa da adadi mafi girma da mafi ƙanƙanta kafin ya miƙa shi. Gwajin ke nan da akawun Rouen ke yi duk lokacin da ya ƙara ɗaya a kan jerin tara. A zamanin da albashin dubban ma'aikatan tarayya ke bi ta tsarin IPPIS, gida ɗaya na lamba da ya kauce yana iya zama kuɗin makarantar yara ko na hayar gidan wani.