Nora Ephron: Matar da aurenta ya mutu sau biyu, ta koya wa duniya fim ɗin abokai masu komawa masoya

Wanda duk ya kalli Hum Tum na Saif Ali Khan da Rani Mukerji, wanda ya fito a 2004, ya san labarin nan: saurayi da budurwa sun haɗu ba sa shiri, suka rabu, suka sake haɗuwa, suka zama abokai, can kuma zuciya ta yi nata aikin. To, tushen Hum Tum wani fim ne na Amurka mai suna When Harry Met Sally, kuma wadda ta rubuta shi ita ce gwanarmu ta yau, Nora Ephron.

An haife ta ranar 19 ga Mayu, 1941 a birnin New York, amma a Beverly Hills ta tashi, don mahaifinta Henry da mahaifiyarta Phoebe duk marubutan fim ne a Hollywood. Su huɗu ne mata, ita ce babba, kuma dukansu sun zama marubuta. Daga waje gida ne na 'yan gayu, amma a ciki akwai damuwa. Iyayen sun faɗa shan giya, har ta yi ajalin uwar a 1971. Abu ɗaya da uwar ta cusa mata tun tana ƙarama shi ne, duk abin da ya same ki, daɗi ko wuya, ki ajiye shi, wata rana labari ne. Nora ta riƙe wannan har ya so ya yi yawa.

Da ta gama kwalejin Wellesley a 1962 ta nemi aikin rubutu a mujallar Newsweek. Aka nuna mata cewa mata ba sa rubutu a nan, sai dai ta riƙa raba wasiƙu a ofis. Ta karɓa. Ana cikin haka ma'aikatan jaridun New York suka shiga yajin aiki, ita kuma ta yi wani rubutun barkwanci tana kwaikwayon salon jaridar New York Post. Maimakon mai jaridar ta ji haushi, sai ta ce a ɗauke ta aiki. Shekara biyar ta yi tana ɗauko musu rahoto, daga nan ta koma rubuta maƙala a mujallu irin su Esquire, inda ta yi suna da rashin kunyar yi wa kanta dariya.

Aurenta na farko da marubuci Dan Greenburg bai ɗore ba. Na biyun ne ya fi ciwo. A 1976 ta auri Carl Bernstein, ɗan jaridar nan da ya taimaka wajen tona badaƙalar Watergate da ta ci kujerar Shugaba Nixon. Tana ɗauke da cikin ɗansu na biyu ta gano yana neman wata matar aure da suka sani. Ta kwashe 'ya'yanta ta bar gidan. Wata da ta shiga ɗaki ta yi ta kuka, Nora kuwa littafi ta mayar da abin, Heartburn, a 1983, ta sauya sunaye kawai. A 1986 aka mayar da shi fim, Meryl Streep da Jack Nicholson suka fito a matsayin ma'auratan. Ni dai a ganina ramuwar gayya ba ta wuce wannan: mutum ya ci amanarki, ki sa duniya ta sayi tikiti ta je ta yi masa dariya.

Yanzu ga inda muka dosa. Darakta Rob Reiner, wanda shi ma aurensa ya mutu yana zaman gwauranci, ya zo mata da tunanin fim a kan namiji da mace da suka zaɓi su tsaya a abota don kar soyayya ta ɓata musu zumunci. Nora ta zaunar da shi da abokin aikinsa Andrew Scheinman ta yi ta yi musu tambayoyi irin na 'yar jarida kan yadda maza ke tunani idan ba mace a wurin. Daga amsoshin Reiner ta gina Harry, mai baƙin rai da surutu. Sally kuwa ita ce da ƙawayenta, har yadda Sally ke wahalar da mai kawo abinci da sharuɗɗa, halin Nora ne sak.

Labarin ya ɗauki shekara 12, daga tafiyar mota daga Chicago zuwa New York a 1977 har zuwa daren sabuwar shekara. Babu mugu, babu uban da ya hana aure, babu kishiya. Hira ce kawai tsakanin Billy Crystal da Meg Ryan, ana tafe ana musu kan ko namiji da mace za su iya abota zalla. Tsofaffin ma'auratan da ake nunawa a tsakani kuwa, labaran na gaske ne da aka tattaro, 'yan wasa ne dai suka maimaita su. Wani abin mamaki, da farko an shirya su rabu a ƙarshe. Reiner ya haɗu da Michele Singer ana tsaka da ɗaukar fim ɗin, soyayya ta kama shi, sai aka sauya ƙarshen. (Gargaɗi: akwai wani sin na gidan abinci da ba na kallo da su Mama a falo ba ne, kar a ce ban faɗa ba.)

Kamfanin Castle Rock, wanda Reiner da abokansa suka kafa a 1987, shi ya shirya fim ɗin da kusan dala miliyan 16. Da ya fito a 1989 ya tara sama da miliyan 90 a Amurka. Nora ta ci kyautar BAFTA, ta shiga takarar Oscar ba ta samu ba. 'Yan waƙa ma ga naku: Harry Connick Jr. yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rera waƙoƙin, kuma da su ya ci Grammy ɗinsa na farko.

Daga nan ta fara ba da umarni da kanta. Sleepless in Seattle a 1993 da You've Got Mail a 1998, duka da Tom Hanks da Meg Ryan, sun yi kasuwa sosai. Ba duka ta dace ba fa, Bewitched na 2005 ya sha suka, kuma gaskiya ya cancanta. A aure na uku ne ta samu natsuwa, da marubuci Nicholas Pileggi da ta aura a 1987, wanda littafinsa ya zama fim ɗin Goodfellas.

Matar da ta tallata sirrinta duka, abu ɗaya ta ɓoye. A 2006 likitoci suka gano tana da cutar jini da daga baya ta zama sankara. In ban da iyalinta da wasu ƙalilan, ba wanda ta gaya wa. Da ciwon ta yi Julie & Julia a 2009. Ta rasu ranar 26 ga Yuni, 2012 a New York tana da shekara 71, abokan aikinta da yawa sai a kwanakin ƙarshe suka ji ba ta da lafiya. Wasan dandamalinta na ƙarshe, Lucky Guy, an buɗe shi a 2013, Tom Hanks ne ya ja shi.