Seretse Khama: Yariman Da Ya Bar Gadon Sarauta Saboda Matarsa

A hutun da ya wuce na tarar da gidanmu a Kura ana ta ka-ce-na-ce. Yayana da ke karatu a ƙasar waje ya aiko da wasiƙa cewa Baturiya zai aura. Baffanmu ya ce ba da yawunsa ba. Ko ban-ruwan tumatir muka je bakin kanal, zancen ke nan. Da na dawo makaranta na gaya wa malaminmu na tarihi, sai ya ba ni labarin wani mutum wanda nake so 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su ji.

An haifi Seretse Khama a 1921 a garin Serowe, cikin ƙasar da yanzu ake kira Botsuwana, lokacin tana hannun Ingila. Ubansa, Sarkin Bangwato, ya rasu a 1925, yaron yana ɗan shekara huɗu. Sai baffansa Tshekedi ya riƙe masa sarauta, ya rene shi, ya tura shi Ingila a 1945. Yana koyon aikin lauya a Landan ya sadu da Ruth Williams, akawu a wani kamfanin inshora. A watan Satumba na 1948 aka ɗaura musu aure a ofishin gwamnati, domin coci ta ƙi ɗaurawa.

To, daga nan fa wuta ta tashi. Uban Ruth ya kore ta daga gida. Tshekedi ya ce ko sarauta ko mata. Sau biyu jama'ar Bangwato suna taruwa a dandali suna ƙin auren. Amma a taro na uku, cikin Yuni 1949, da suka saurari Seretse da kyau, sai suka ce sun karɓe shi, shi da matarsa.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A wannan shekarar ce maƙwabciyarsu Afirka ta Kudu ta kafa dokar hana aure tsakanin baƙi da farare. Ingila kuwa tana bukatar zinariya da yuraniyom na ƙasar, ba ta son ɓata mata rai. Saboda haka a 1950 aka kira Seretse Landan, aka hana shi sarauta, aka kuma hana shi zama ƙasarsa. Bangwato suka ƙi naɗa wani sarki. Sai a 1956 aka bar shi ya koma, bayan ya yarda ya sauka daga gadon ubansa. A lokacin sun riga sun shirya da Tshekedi, uban Ruth ma ya sauko.

Haƙurinsa bai faɗi ƙasa banza ba. Ya shiga siyasa, ya ci zaɓe a 1965, ran 30 ga Satumba 1966 ya zama shugaban Botsuwana na farko. Ya mulki ƙasar har rasuwarsa a 1980. Ruth ba ta koma Ingila ba, can ta zauna har ta rasu a 2002, ɗansu Ian kuma ya shugabanci ƙasar daga 2008 zuwa 2018. Ita ma Afirka ta Kudu ta soke waccan doka a 1985. Ku dubi tutar Botsuwana: baƙi da fari a jere, shuɗi kewaye da su, alamar ruwa.

Abin da na lura shi ne, dangi da talakawa sun riga gwamnatoci saukowa, domin su ne suka ga halin matar da idonsu. Ban ce iyaye su bar bincike ba. A binciki addini da hali da tarbiyya, amma launin fata ba wanda ya zaɓar wa kansa. Hutu mai zuwa zan durƙusa gaban Baffa in ba shi wannan labari. Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, amin.