Jefferson Burdick, Mai Tara Katuna

An haifi Jefferson Burdick a ƙasar Amurka cikin shekara ta 1900. A zamanin nan masu yin sigari sukan saka ɗan kati a cikin kwali don kada sigarin ya karye. A jikin katin akwai hoton tsuntsu, ko tuta, ko ɗan wasan ƙwallo. Manya sukan yar, yara kuwa su tsince. Burdick yana cikin masu tsinta.

Da ya girma sai ya sami aiki a wata ma'aikatar kayan lantarki a birnin Sirakus. Ciwon gaɓoɓi ya kama shi, amma bai bar tara katuna ba. A 1937 ya fara buga 'yar jarida domin masu sha'awar abin. A 1939 kuma ya fitar da littafi, ya kasa katuna iri-iri, kowane kashi da lambarsa. Har yau masu cinikin katuna da lambobinsa suke aiki.

A 1947 ya ba da kyautar abin da ya tara ga gidan ajiye kayan tarihi na Metropolitan a birnin Niyu Yok. Sun kai wajen dubu 300! Aka roƙe shi ya jera su da kansa. Shekara da shekaru yana liƙa su ɗaya ɗaya cikin manyan littattafai, ga yatsunsa sun ƙage, ko kama kati sai da ƙyar.

Ya gama aikin cikin watan Janairu 1963. Kashegari aka kwantar da shi a asibiti, ya rasu cikin watan Maris.