JANAR EISENHOWER (1890–1969): SOJA, KAKA, ƊAN IKILISIYA

A wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara 50 mun keɓe wannan shafi domin tunawa da wani dattijo wanda bai taɓa taka Boɗinga ko Shagari ba, amma rayuwarsa tana da abin faɗa wa masu furfura a cikinmu. Shi ne Janar Dwight Eisenhower, shugaban Amurka na 34. Ba baƙo ba ne ƙwarai a tarihinmu. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya kai samarin Arewa har Barma, shi ya jagoranci sojojin ƙawance a Yammacin Turai. Shi ne kuma ke mulkin Amurka ranar 1 ga Oktoba, 1960, sa'ad da Nijeriya ta sami 'yancin kai, lokacin Alhaji Shehu Shagari yana minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa.

HAIHUWA DA TASOWA

An haife shi ranar 14 ga Oktoba, 1890, ya tashi a garin Abilene ta jihar Kansas, na uku cikin 'ya'ya maza bakwai. Gidan talakawa ne, amma kullum ana karanta Littafi Mai Tsarki a cikinsa. Mahaifiyarsa Ida ta ƙi jinin yaƙi, duk da haka ba ta hana shi ba sa'ad da ya zaɓi makarantar soja ta West Point a 1911. Sai bayan tafiyarsa ta zub da hawaye.

A makarantar an san shi da barkwanci. Wata rana aka umarce shi da abokinsa su zo sanye da rigar fareti. Da yake ba a ambaci wando ba, sai suka bayyana da rigar kaɗai. Da ya gama a 1915 ya zo na 61 cikin 164, amma wajen ladabi na 125 ya zo.

Ya auri Mamie a 1916. Ɗansu na fari, Doud, ya rasu a Janairu 1921 yana ɗan shekara 3, bayan wani mugun zazzaɓi. Wannan rashi bai taɓa barin zuciyarsa ba. An haifa musu John a 1922.

AIKIN SOJA DA MULKI

Ranar 6 ga Yuni, 1944, da umarninsa sojoji fiye da 150,000 suka ƙetare teku daga Ingila suka sauka a Normandy ta ƙasar Faransa. Kafin su tashi ya rubuta 'yar takarda ya sa a aljihu, inda ya ɗora wa kansa shi kaɗai laifin duka idan aka sha kashi. Allah bai sa an bukaci takardar ba. Jamus ta miƙa wuya a Mayu 1945.

Ya mulki Amurka daga 1953 zuwa 1961. A shekararsa ta farko aka tsagaita wuta a yaƙin Koriya. A 1957 kuwa ya aika da sojoji garin Little Rock su raka yara baƙar fata tara cikin makarantar da aka hana su shiga.

BAFTISMARSA

Ko da yake ya tashi a gidan masu tsoron Allah, har ya yi furfura ba a yi masa baftisma ba, bai kuma zama ɗan wata ikilisiya ba. Ranar 1 ga Fabrairu, 1953, kwana 12 bayan rantsar da shi, yana da shekara 62, Rabaran Edward Elson ya yi masa baftisma a majami'ar Presbyterian ta birnin Washington. Mutumin da sarakuna ke miƙe wa tsaye ya sunkuyar da kai gaban fasto kamar kowane sabon tuba.

ƘWALLON LAMBU

Mu nan dara da langa da kokawa muka sani. Shi kuwa wasansa ƙwallon lambu ne, wanda ake kira golf, inda ake bugun 'yar ƙwallo da sanda a fili mai ciyawa har ta faɗa rami, rami bayan rami har 18. An ƙiyasta ya yi wasan kusan sau 800 cikin shekaru takwas na mulkinsa, abokan hamayya kuwa suka yi ta yi masa gori. Ciwon zuciya ya kama shi a Satumba 1955, washegarin wani dogon wasa, amma da ya warke ya koma fili.

A filin Augusta akwai wata bishiya da ƙwallonsa ta riƙa bugu. A 1956 ya nemi taron kulob ya sare ta. Shugaban kulob ya rufe taron ba tare da biyan bukatarsa ba, shugaban ƙasa ya haƙura, bishiyar kuwa ta ci sunansa ta tsaya har 2014. Burinsa na jefa ƙwallo rami da bugu ɗaya sai a Fabrairu 1968 ya cika, yana da shekara 77.

JIKOKINSA

Allah ya ba shi jikoki huɗu ta wurin John. Wanda ya binne ɗa ya san darajar jika. A 1953 ya canza sunan wurin hutun shugabannin Amurka zuwa Camp David, domin girmama mahaifinsa da jikansa, waɗanda duka sunansu David. Yana da gona a Gettysburg inda yake kiwon shanu, can ya koma bayan mulki. Ya ɗauki jikan nan aikin fentin shinge yana biyansa lada, domin ya san zafin nema. Ya taɓa korarsa saboda wasa a lokacin aiki, sa'an nan ya maido shi ranar nan a filin ƙwallon lambu. Mu da muka san wasan kaka da jika ba za mu yi mamaki ba.

RASUWARSA

Ya rasu ranar 28 ga Maris, 1969, yana da shekara 78. Aka binne shi cikin kakinsa, a akwatin gawa irin na kowane soja, a wani ƙaramin ɗakin addu'a a Abilene, kusa da ɗansa Doud.

ABIN KOYI

Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Janar Eisenhower ya ɗauki laifi tun kafin a ɗora masa, ya bi dokar kulob, ya sauko daidai tsawon jikansa, ya kuma durƙusa gaban Mahaliccinsa. Akwai iyaye a cikinmu da suka daɗe suna zuwa sujada, amma kunyar shekaru ta hana su shiga ajin baftisma. Ƙofa a buɗe take. Akwai kuma kakannin da hidima ta hana su zama da jikokinsu, alhali yaran nan da ke makarantar Lahadi yau su ne za su yi bikin shekara 100. Abin da suka gani a wurinmu shi za su kai can. Ubangiji ya ba mu tawali'u, ya albarkaci jikokinmu. Amin.