Muhammadu na Katsina, Malamin Lissafi

'Yan'uwa, yara da yawa a ƙauyukan Gwarzo da Kabo sukan dawo daga makaranta da aikin gida na aljebra ko na ilmin sinadarai, su zauna a gaban fitila har barci ya kwashe su, ba su sami amsa ba. Waɗansu kuwa daga nan sukan yanke cewa lissafi ba na irinmu ba ne. Domin irin waɗannan yara da iyayensu muka kawo tarihin wani masani da ya fito daga maƙwabtanmu.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani, haifaffen ƙasar Katsina, shi ya sa Larabawa suke kiransa al-Kashnawi. Ya yi karatu a wurin manyan malamai na zamaninsa, cikinsu akwai Muhammadu al-Wali da Muhammadu Bindu. Ya ƙware a nahawu, da manɗiƙi, da ilmin taurari, da lissafi. Wajen shekara ta 1730 ya tafi aikin hajji a Makka, daga baya ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar.

A shekara ta 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, wato murabba'i mai gidaje wanda ake cika shi da lambobi, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mutanen wancan zamani sukan haɗa hatimi da sha'anin asiri, amma ƙashin bayansa lissafi ne zalla. Ɗauki mai gida tara: lambobi daga 1 zuwa 9 sun tashi 45, a raba wa layi uku, kowane layi ya sami 15. Mai gida 25 kuwa jimlarsa 325 ce, a raba biyar, kowane layi 65. Wanda ya gane dalilin wannan rabo ya riga ya sa ƙafa a ƙofar aljebra.

Abin da ya sa ake tunawa da shi har wa yau shi ne yadda ya koyar. Ya shimfiɗa wa ɗalibi hanya daki-daki, inda zai sa lamba ta fari da inda zai nufa bayanta, domin ya iya gina hatimi mai layi uku, ko biyar, ko bakwai da hannunsa. Sa'an nan ya gargaɗi mai koyo kada ya fid da zuciya, gama a wurinsa barin aiki tun ba a kai ƙarshe ba jahilci ne.

Ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1741, a gidan abokinsa Hasan al-Jabarti, masanin taurari, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan wannan Hasan, Abdurrahman al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, shi ya adana labarinsa. A shekara ta 1967 kuma Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya buga nazari a Ibadan a kan yadda wannan malami ya bayyana ramzi, wato rubuta shekara da haruffa.

Saboda haka, yaya ko malami mai taimakon yaro da aikin gida, kada ya karɓi alƙalami ya rubuta masa amsa, gama ranar jarrabawa yaron shi kaɗai zai zauna. Ya nuna masa mataki na fari, ya bar shi ya nemi na biyu, in ya yi kuskure su koma tare. Iyaye kuwa, ko ba su yi boko ba, suna iya ba yaro lokaci da fitila, su kuma gaya masa cewa wani Bakatsine ya taɓa rubuta littafin lissafi da malaman Masar suka daraja.