William Marshal: Baraden da ya kafa gidan jan zaki

An haifi William Marshal a Ingila a wajajen shekarar 1146. Mahaifinsa, John Marshal, shi ne mai kula da dawakan fadar sarki. Da yake William ba shi ne babban ɗa ba, al'adar gadon wancan zamani ba ta ba shi ko taƙi guda na ƙasa ba.

A shekarar 1152, lokacin yaƙin basasa, mahaifin ya miƙa shi ga Sarki Stephen a matsayin jingina, sannan ya karya alkawari. Sarkin ya yi barazanar rataye yaron, amma daga bisani ya tausaya masa.

William ya koyi hawa da yaƙi a Normandy, ya kuma yi suna a gasar fafatawar barade, inda wanda ya kayar da abokin karawarsa ke karɓe dokinsa da makamansa. Tarihinsa da aka rubuta bayan mutuwarsa ya ce ya kama barade kimanin 500.

A irin wannan fage kwalkwalin ƙarfe na rufe fuskar mahayi, don haka tambarin da ke jikin garkuwa ne ke bayyana ko wane ne. Na William garkuwa ce da aka raba biyu a tsaye, rabi ruwan zinari, rabi kore, da jan zaki a miƙe a tsakiya.

Aure ne ya mai da shi mai ƙasa. A shekarar 1189 Sarki Richard ya amince ya auri Isabel de Clare, magajiyar manyan filaye a Leinster ta ƙasar Ireland, da Wales, da Ingila. Bayan shekaru goma Sarki John ya naɗa shi hakimin Pembroke.

Da John ya mutu a 1216, ya bar ɗa mai shekaru tara, Henry na Uku, yayin da dakarun Yarima Louis na Faransa ke riƙe da birnin London. William, mai kimanin shekaru 70, ya karɓi riƙon sarautar. Ya sake fitar da yarjejeniyar Magna Carta domin jawo hankalin 'yan tawaye, sannan ya jagoranci nasarar yaƙin Lincoln a 1217.

Ya mutu ranar 14 ga watan Mayun 1219, aka binne shi a cocin Temple da ke London.

Ya bar 'ya'ya maza biyar da mata biyar. Sai dai mazan sun gaji juna ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya bar magaji na halal ba, kuma na ƙarshensu, Anselm, ya mutu a 1245. Daga nan aka rarraba filayen tsakanin zuriyar matan.

Ta tsatson babbar 'yarsa, Maud, sarautar Marshal ta koma gidan Bigod, hakiman Norfolk, inda daga baya ɗaya daga cikinsu ya ɗauki tambarin jan zakin.

Yanzu sarautar na hannun gidan Howard. Mai riƙe da ita ne ke sa ido kan hukumar da ke bayar da tamburan gidaje a Ingila, shi ne kuma ya shirya bikin naɗin Sarki Charles na Uku a 2023.