Mamman Shata: Mawaƙin da faifan garmaho ya zame wa littafi

Alhaji Mamman Shata ya shafe sama da shekara hamsin yana waƙa, amma bai bar kundin baitocinsa a rubuce da hannunsa ba. Duk abin da ake ji na muryarsa a yau, a rediyo ne ko a wayar hannu, ya iso ne ta hanyar na'urar da wani ya ajiye a gabansa a wata rana, ta ɗauki abin da ya fito daga bakinsa. Don haka tarihin Shata bai rabuwa da tarihin faifai da allura da kaset.

An haife shi a garin Musawa da ke Jihar Katsina ta yanzu a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a ganin mutanen wancan zamani kiɗa da waƙa roƙo ne, roƙo kuwa bai dace da gidansu ba. Yaron ya yi karatun allo kamar sauran tsararsa, ya yi tallar goro, ya yi ta alewa, kuma a dandali ne aka fara lura cewa idan ya buɗe baki sai kowa ya taru. Daga Musawa ya koma Bakori, inda ya zauna ƙarƙashin inuwar Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa. Sunansa ya game ƙasar Hausa ne bayan Bikin 'Yan Sarki da aka yi a Kano a 1952. A 1960 ya tare a Funtuwa, garin da ya zama mazauninsa har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya bambanta shi da mawaƙan fada shi ne bai ɗaure kansa ga sarki guda ba. Ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya yi wa direbobi da sojoji da mata da manoma, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka tura duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Kuma ba ya zama ya tsara waƙa kafin ya fito. Makaɗan kalangu su ɗauki kiɗa, a kafa amshi, shi kuma ya riƙa ɗora baituka a nan take, gwargwadon wanda ya gani a wurin da abin da ya faɗo masa a rai. Bakandamiyarsa, wadda ita ce kirarin kansa, ya rera ta sau da dama, kuma kowane rerawa da abin da ya ƙara ko ya rage.

A nan ne mutumin ya yi karo da na'ura. Garmahon da aka sani a lokacin ƙuruciyarsa, jikan wanda Emile Berliner ya yi wa rajista a Amurka a 1887, wani ake yi masa da hannu kamar agogo. Faifansa yana juyawa sau 78 a minti, yana fashewa kamar tangaran idan ya faɗi, kuma fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da 'yan kai. Allurarsa ta ƙarfe ce, akan sauya ta kusan bayan kowace waƙa. Minti uku kuwa a wurin Shata ko gaisuwa bai gama ba. Sai da dogon faifai ya zo, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, mai ɗaukar kimanin minti ashirin a fuska guda, sannan aka sami mazubin da ya kusa isar mawaƙi irinsa. Kamfanin EMI na cikin waɗanda suka buga waƙoƙinsa a irin wannan faifai, gidajen rediyo kuma, musamman na Kaduna da aka buɗe a 1962, suka ɗauke shi suka watsa har Nijar da Gana da Kamaru.

Ko da hakan, faifai ya yi masa rana ya kuma yi masa ƙwange. Ya tsare muryar, amma ya daskarar da waƙar da a bakin mai ita ba ta taɓa tsayawa wuri guda ba. Da yawa daga masu cewa sun haddace wata waƙar Shata, abin da suka haddace shi ne yadda ya yi ta a rana ɗaya tak, a gaban makirufo ɗaya.

Tunda kuwa faifan shi ne littafin, na'urar da za ta karanta shi ba abin wasa ba ce. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuma ganga ce da ake matsa tsirkiyarta a hammata don ta hau ta sauka kamar maganar mutum. Garmahon da ke gudu fiye da ƙima zai sirantar da muryar Shata ya mai da ita ta saurayi. Wanda gudunsa ke tangaɗi ya fi muni, domin sai kalangun ya riƙa lanƙwasa a inda makaɗin bai lanƙwasa shi ba. Abu na farko da mai neman garmaho zai duba ke nan: daidaiton juyin farantin. Na'urori masu kyau suna da ɗige-ɗige a gefen faranti da 'yar fitila mai haska su. Idan gudun ya daidaita, sai a ga ɗigon kamar a tsaye yake.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda bel na roba ke haɗa injinsa da faranti. Masu sauraro a ɗaki suna son sa domin robar tana shanye girgizar injin, sai dai zafi irin na Kano a watan Afrilu yana saki da roba, kuma bel ɗin da ya saki shi ne mafarin tangaɗi. Akwai kuma wanda injin ke juya farantin kai-tsaye. A wannan fanni sunan da ya yi fice shi ne Technics SL-1200, wanda kamfanin Matsushita na Japan ya fitar a 1972, ya kuma inganta shi a 1979 da samfurin MK2 mai daidaita gudu da ƙwayar kwaz irin ta agogon hannu. Nauyinsa ya haura kilo goma, yana kama gudu nan da nan, ana iya tsayar da faifai da yatsa a sake shi ba tare da injin ya galabaita ba, shi ya sa masu kiɗan DJ a gidajen rawa daga New York zuwa Landan suka riƙe shi gam. An daina ƙera shi a 2010, aka dawo da shi a 2016. Ba don Shata aka yi shi ba, amma abin da mai DJ ke nema a wurinsa, wato gudun da ba ya kaucewa, shi ne abin da kalangu ke buƙata. Yana da wani amfanin kuma a ƙasar da janareta ya zama abokin zama: tsofaffin garmaho da dama suna ɗaukar gudunsu ne daga bugun wutar lantarki, idan janareta ya yi sama da ƙasa su ma sai su bi shi, mai kwaz kuwa bai damu ba.

Sauran lamarin na allura ne. Nauyin da take sauke wa faifai bai kamata ya wuce 'yan giram kaɗan ba, yawanci wajen biyu, kuma garmahon kirki yana da ma'auni a bayan hannun allurar don saita shi. Tsohuwar dabarar ɗora kwabo a kan allura don kada ta yi tsalle ta cinye fayafayai masu yawa, domin kowane juyi tana ƙara kankare ramin da sautin ke ciki, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Ƙurar hunturu ma haka take yi a hankali, rana kuma tana tanƙwara faifan da aka jingine kusa da taga. Faifan Shata na EMI da ya lalace a yau ba a zuwa kanti a sayo wani.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya ture faifai daga kasuwannin Arewa. Ya fi araha, yana shiga mota, kuma kowa na iya kwafa. Wannan ya kai muryar Shata kowace tasha da kowane teburin mai shayi, ya kuma sa aka ɗauki ɗimbin wasanninsa na biki da ba su taɓa shiga situdiyo ba. Amma kwafi daga kwafi yana dusashewa, kuma kuɗin cinikin ba ya komawa ga mai waƙar. Shi kansa bai riƙe lissafin yawan waƙoƙin da aka ɗauka daga bakinsa ba.

Ya taɓa siyasa: ya yi kansila a Kankiya, ya shiga GNPP sannan NPN a Jamhuriya ta Biyu, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a ta Uku. Masana sun ɗauke shi da muhimmanci tun yana raye. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1988, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Bayan rasuwarsa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka wallafa tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah a 2006.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da jinya, har aka kai shi Jidda aka yi masa aiki. Da ciwon ya dawo, aka kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, ba nisa da Babban Giji. A nan Allah Ya karɓi ransa ranar Juma'a, 18 ga Yunin 1999, yana da shekara 76. A ranar aka ɗauki gawarsa zuwa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar wanda ya sha yi wa waƙa, aka yi masa sutura a can, Sarkin na cikin waɗanda suka halarci jana'izar.